Na Sayi Gem Na Hannu a Intanet, Ya Ƙi Aiki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Warware Rigimar

Tun da aka fito da PlayStation 5 a watan Nuwamba na 2020, farashin sabon babban wasa a Amurka ya kai dala 70, kuma duk wanda ya juya wannan kuɗi zuwa naira ko sefa ya san dalilin da ya sa kasuwar faifan gem na hannu take ci. Masu gidajen gem, da iyayen da ke saya wa yara, da matasan da ke musayar faifai a tsakaninsu, yawancinsu a waya suke ƙulla ciniki da mutumin da ba su taɓa gani ba. Idan kaya ya iso ya ƙi aiki, sai rai ya ɓaci, a yi ta aika saƙon murya mai zafi har wa'adin neman haƙƙi ya wuce. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a irin wannan hali.

Faifan ya iso, na saka a na'ura ya ƙi tashi. Me zan fara yi?

Ka fara da tara shaida kafin ka ce wa kowa uffan. Ka ɗauki hoton tallan kayan kamar yadda yake a shafin, da bayanin da mai sayarwa ya rubuta, da farashi, da duk hirar da kuka yi, domin cikin minti ɗaya yana iya goge talla ko ya janye saƙonninsa. Ka adana rasit ɗin biyan kuɗi, da ledar ko kwalin da aka naɗo kayan a ciki, da takardar da kamfanin aike ko direban tasha ya bayar.

Bayan haka ka ɗauki bidiyo guda ɗaya wanda ba a yanke ba: ka nuna fuskar faifan da bayansa a cikin haske, ka saka shi a na'ura, ka nuna saƙon da ya fito a talabijin, sannan ka cire shi ka saka wani faifan da ka san yana aiki, ka nuna cewa shi ya tashi. Wannan ƙarshen shi ne ke rufe bakin mai cewa na'urarka ce ta lalace. Idan wata lamba ta fito, misali CE-30005-8 da PlayStation 4 ke nunawa idan ta kasa karanta faifai ko ma'ajiyarta ta ciki, ka rubuta ta daidai.

Kada ka shafa wa faifan man goge baki ko wani sinadari, kada kuma ka kai shi a goge da inji. Da zarar ka sauya kamanninsa, ka ba mai sayarwa hujjar cewa kai ne ka ɓata shi. Abin da ya halatta kawai shi ne ka share shi da tsumma mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba.

Ta yaya zan tabbatar laifin faifan ne, ba na na'urata ba?

Gwaji biyu ne ke raba gardama: wani faifan a na'urarka, da wannan faifan a na'urar wani. Idan na'urarka tana ƙin faifai da yawa, to idon da ke karantawa ne ya gaji ko ƙura ta rufe shi, abin da masu gidajen gem suka saba gani bayan hunturu. Idan kuwa faifan ya ƙi aiki a na'ura biyu, magana ta ƙare.

Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga mai saye, kuma adalci ne a faɗe shi. Faifan PlayStation 5 ba ya aiki a PlayStation 4, ko da yake mafi yawan faifan PlayStation 4 suna aiki a PlayStation 5 mai wurin saka faifai. Xbox Series S ba ta da wurin faifai gaba ɗaya. Wani lokacin ma'ajiyar na'ura ce ta cika, wasan ya kasa sauka. Idan talla ya faɗi na'urar da faifan ke bi ƙarara, kai ne ba ka duba ba, to ba ka da haƙƙin tilasta wa kowa; abin da ya rage maka shi ne roƙon alfarma.

Na taɓa saya wa 'ya'yan ƙanena faifan ƙwallo daga wani mutum a wani gari, aka ba direba ya kawo tasha. Bayansa yana sheƙi, babu ko karce ɗaya, amma duk lokacin da wasan ya kusa gama sauka sai ya tsaya a wuri guda. Sai da na ɗaga shi saitin hasken taga na ga wata siririyar tsaga kamar gashi, ta taso daga ramin tsakiya. Irin wannan tsaga tana faruwa ne idan ana fizge faifai daga gidansa ba tare da an danna maɓallin tsakiya ba, kuma ba ta gyaruwa. Hoton da na ɗauka a wannan haske shi ya sa mutumin ya daina cewa a wurinsa yana aiki.

Faifan lafiyarsa ƙalau, na'ura ta karanta shi, amma wasan ba ya buguwa. Me ke kawo haka?

Nan ne rigima ta fi wuyar rabuwa, domin mai sayarwa yana iya rantsuwa cewa faifan ba shi da aibi, kuma ta wata fuskar gaskiya ya faɗa. Faifai a yau sau da yawa mabuɗi ne kawai, wasan kansa yana rataye da wani abu da ba ya cikin kwalin.

Na farko shi ne lambar kunnawa da ake amfani da ita sau ɗaya. Wasannin kwamfuta da yawa da aka sayar a kwali suna zuwa da lambar da ake shigarwa a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta na intanet, ko makamancinsa, kuma da zarar mai shi na farko ya shigar da ita, wasan ya zama na asusunsa har abada. Wanda ya sayi wannan kwali a hannu na biyu ya sayi roba ce kawai. Steam yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba a buga wasan ya kai awa 2 ba, amma ga abin da aka saya a wurinsa kai tsaye, ba wanda aka saya a hannun wani ba. Masu na'urorin da suka kwana biyu su ma sun san wannan: daga 2010 zuwa 2013 kamfanin EA yana saka irin wannan lamba a wasanninsa, wadda ba a iya buga wasa da wasu ta intanet sai da ita. Har yanzu kuma ƙarin kayan wasa da ake rubutawa a jikin kwali yawanci a takardar lamba suke, wadda mai shi na farko ya riga ya ci.

Na biyu shi ne wasan da ba ya tashi sai ya haɗu da kwamfutocin kamfanin da ya yi shi. Misalin da ya fi yin ƙara shi ne wasan tseren mota na The Crew, wanda Ubisoft ya fitar a 2014 ya kuma rufe kwamfutocinsa a ƙarshen watan Maris na 2024. Tun daga lokacin faifan asali ba ya wuce shafin farko, komai kyansa, amma har yanzu ana iya cin karo da shi a kasuwar na hannu.

Na uku shi ne bambancin yanki. PlayStation 2 da Nintendo 3DS ba sa karɓar wasan da ba na yankinsu ba, wasu faifan Xbox 360 ma haka. PlayStation 4 da 5 da Nintendo Switch sun sauƙaƙa wannan, sai dai a PlayStation ƙarin kayan da ka saya da asusun Amurka sau da yawa ba ya hawa kan faifan Turai. Ana gane yanki daga tambarin shekaru da ke gaban kwali: ESRB na Amurka ne, PEGI na yawancin Turai, USK na Jamus, CERO na Japan. Wanda aka turo wa na Japan yana iya tarar da wasan babu Turanci a ciki sam.

Na huɗu shi ne jabu, wanda ya fi yawa a katunan tsofaffin na'urorin Nintendo na hannu. Irin wannan kati yakan tashi da farko, sannan ya kasa adana inda mutum ya tsaya.

A ganina, duk waɗannan huɗun aibi ne da ya wajaba mai sayarwa ya bayyana idan ya sani. Mutum ba faifai yake saye don ya rataye a bango ba, wasa yake saye.

Mai sayarwa ya rubuta cewa ba a mayar da kaya. Shi ke nan na rasa?

A'a. Wannan sharaɗi yana aiki ne a kan wanda ya sauya ra'ayi, ya buga wasan ya ga bai yi masa daɗi ba. Ba ya kare wanda ya ce kaya yana aiki alhali ba ya yi. Dukkan rigimar tana komawa ga tambaya ɗaya: me aka ce maka kafin ka biya? Idan an rubuta cewa an gwada yana aiki, hujjarka ta yi ƙarfi. Idan an rubuta cewa ba a gwada ba, ko ana sayar da shi yadda yake, ko kwalin ne kawai, to ka shiga da idonka a buɗe, kuma da wuya wani mai shiga tsakani ya goya maka baya. Idan talla bai ce komai ba, amma ka tambaya a hira aka amsa maka da cewa lafiya ƙalau, wannan amsa ta zama ɓangaren ciniki, shi ya sa ake son a yi tambayar a rubuce, ba a kiran waya ba.

Yaya ya kamata in yi wa mai sayarwa magana?

A rubuce, a wurin da kuka ƙulla cinikin, cikin ladabi, da buƙata guda ɗaya da rana tsayayya. Yawancin masu sayarwa ba macuta ba ne. Wani shekara biyu rabonsa da saka faifan, wani kuma a cikin tarin kaya ya saro shi. Wanda aka fara kiransa ɓarawo ba zai ƙara sauraro ba. Saƙo irin wannan ya isa:

“Assalamu alaikum, Malam. Faifan da na saya a wurinka ya iso jiya, na gode. Sai dai na gwada shi a na'ura biyu ya ƙi tashi, ga bidiyon gwajin da hoton tsagar da ke tsakiyarsa. Da yake a tallan ka rubuta cewa yana aiki, ina roƙon ka mayar mini da kuɗina, ni kuma in aiko maka da faifan yadda ya zo. Don Allah ka sanar da ni matsayarka zuwa ranar Alhamis.”

Idan ya ce ka ba shi lokaci, ka ba shi, amma ka riƙa duban kalanda. Wata tsohuwar dabara ita ce a yi ta cewa gobe, jibi, ana jiran kuɗi su shigo, har wa'adin kai ƙara ya shige.

A eBay na saya. Mene ne tsarinsu?

eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, yana da tsarin lamunin mayar da kuɗi, wanda ya ba mai saye kwana 30 daga ranar da kaya ya iso ya buɗe ƙorafin cewa kayan bai dace da bayaninsa ba. Mai sayarwa yana da ranakun aiki 3 ya amsa, idan bai amsa ba ko ba ku daidaita ba, sai ka nemi eBay ya shiga tsakani. A irin wannan ƙorafi mai sayarwa ne ke ɗaukar kuɗin mayar da kaya, ko da ya rubuta cewa ba ya karɓar mayarwa. Ka lura da dalilin da za ka zaɓa: idan ka danna cewa ka fasa ne kawai, ka sauka daga kan wannan kariya da hannunka.

Akwai tarko biyu da suka fi kama mutanenmu. Ɗaya, lamunin bai shafi abin da ba a riƙewa a hannu ba, kamar lambar wasa da aka turo ta saƙo. Biyu, idan ka sa an kai kayan adireshin wani ɗan'uwa a Landan ko na kamfanin jigila a Amurka, daga can aka turo maka gida, to a wurin eBay kayan ya iso ne ranar da ya sauka a wancan adireshi, kuma ƙa'idarsu ta cire kayan da aka sake turawa wani wuri bayan isarsa. Kafin faifan ya zo Kano ko Yamai kwanakin sun tafi. Maganin wannan shi ne a roƙi wanda ya karɓa ya gwada shi a can.

Idan ta PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, aka biya, ana buɗe ƙorafi a cibiyarsu ta sasanci, kuma dole ne a ɗaga shi zuwa cikakkiyar ƙara cikin kwana 20, in ba haka ba ya rufe da kansa, ba a kuma sake buɗe shi. Babban wa'adinsu kwana 180 ne daga ranar biya, amma a wasu ƙasashe sun taƙaita ƙorafin rashin dacewa da bayani zuwa kwana 30 daga isowar kaya, saboda haka kada a jingina da dogon wa'adin. Kuɗin da aka tura a matsayin kyauta ga dangi da abokai ba shi da wata kariya, kuma mai sayarwar da ya nace a tura masa ta nan ya san abin da yake gujewa.

Hanya ta ƙarshe ita ce bankin da ya ba ka kati ya janyo kuɗin, wanda a tsarin Visa da Mastercard yawanci ake nema cikin kwana 120. Kada ka buɗe wannan tare da ƙorafin eBay ko PayPal a lokaci guda, domin suna rufe nasu da zarar sun ga banki ya shigo.

A Jiji, ko Facebook, ko WhatsApp na ga tallan, na yi tiransifa. Wa zan kama?

Gaskiya ita ce wannan ce hanya mafi rauni. Waɗannan wurare allon talla ne, kuɗinka bai bi ta hannunsu ba, don haka ba su da abin da za su mayar maka. Jiji da kansa yana gargaɗin masu saye su haɗu da mai kaya, su duba, kada su biya kafin su gani. Abin da za ka iya yi a can shi ne ka kai rahoton tallan da mai shi.

Banki kuma ba ya janye tiransifar da ka yi da son ranka don kawai kaya bai yi kyau ba. Inda yake shiga shi ne zamba a fili, kamar a turo maka kwali babu faifai, ko a karɓi kuɗi a toshe lambarka. A nan gaggawa ce magani: ka je reshe ka rubuta ƙorafi a ranar, ka karɓi lambar ƙorafin. A Najeriya idan mako 2 ya wuce banki bai yi komai ba, ana iya kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Amma kada a raina hanyar gida. Idan mai sayarwa yana da shago ko teburi a kasuwa, yana da shugabannin layi da ƙungiya, kuma babu ɗan kasuwar da ke son a kira shi gaban shugabanni a kan faifai ɗaya. Idan dillali ne ya haɗa ku, to ya ci la'ada, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sau da yawa kiran waya ɗaya daga wanda mai sayarwa yake jin nauyinsa ya fi takarda goma aiki.

Me doka ta ce?

A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai aiki wanda ya dace da abin da aka saye shi dominsa, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da ya gaza haka cikin wata 3. Hukumar ta sha bayyana cewa rubuta ba a mayar da kuɗi ba ya soke wannan haƙƙi, kuma tana karɓar ƙorafi ta intanet. Ƙarfin dokar ya fi sauka a kan mai sana'ar saye da sayarwa. Shi kuwa wanda ya sayar da faifansa guda ɗaya da ya gaji da shi, abin da za a kama shi da shi shi ne maganar da ya faɗa game da kayan.

Wannan bambanci haka yake a Ingila. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya mai aibi a karɓi cikakken kuɗi idan daga ɗan kasuwa aka saya, ko da na hannu ne, amma mai sayarwa na kashin kansa abin da ke kansa shi ne kayan ya zama yadda ya siffanta shi.

Idan kuɗin ya kai a je kotu, misali mai gidan gem ya sari faifai masu yawa suka fito matattu, akwai kotunan ƙananan basussuka da Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo a 2019. Ba a buƙatar lauya, ana fara da takardar neman biya, kuma manufar ita ce a gama shari'a cikin kwana 60.

Idan mu duka Musulmi ne, akwai hukuncin wannan a fiƙihu?

Akwai, kuma tsoho ne. Malamai suna kiransa zaɓin aibi: wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da ya riga ciniki, wanda ba a nuna masa ba, kuma yake rage darajar kayan ko amfaninsa, yana da zaɓin ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Asalin tsawatarwar yana cikin hadisin mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Sai dai hukuncin yana da ɗaya gefen: wanda ya ga aibin ya ci gaba da amfani da kayan kamar ya yarda, zaɓinsa yana faɗuwa. Wannan ma wani dalili ne na yin magana da wuri.

Wa zai biya kuɗin mayar da faifan?

Wanda ya aiko da kaya mai aibi. A aikace dai, idan kuɗin motar bai taka kara ya karya ba, na fi son mai saye ya biya a mayar masa da kuɗin daga baya, don kada magana ta tsaya a kan ɗan abu. Ka ɗauki bidiyon lokacin da kake saka faifan a gidansa kana naɗewa, ka yi amfani da hanyar da ke ba da lambar bibiya ko rasit. Idan ba ku yarda da juna ba a kan wa zai fara sakin nasa, ku ajiye faifan a hannun wani da kuka amince da shi, ya miƙa shi bayan alat ya shigo.

Ya ce zai mayar mini da rabin kuɗi in riƙe faifan in kai a goge. In karɓa?

Ya danganta da irin faifan. Na PlayStation 2 da Xbox 360 yawancinsu DVD ne, bayanansu suna can ciki ƙarƙashin roba mai kaurin milimita 0.6, don haka inji yana iya cin saman ya share karce. Na PlayStation 3 zuwa 5 da Xbox One zuwa sama Blu-ray ne, bayanansu suna nesa da sama da milimita 0.1 kacal, an rufe su da wani shafi mai tauri. Da wuya su karce, amma idan karce ya ratsa, gogewa ba ta cika cetonsu ba. Tsaga, da lambar da aka riga aka ci, da wasan da aka rufe kwamfutocinsa, babu ragin da zai tashe su. Ragi yana da ma'ana ne idan wasan yana buguwa, abin da ya ɓace ƙarin kaya ne ko kwalin ne ya fashe. Ka kuma sani cewa karɓar ragi yawanci yana rufe ƙorafin gaba ɗaya.

Ba faifai na saya ba, asusun da ke ɗauke da wasanni na saya, bayan mako biyu aka kulle ni. Fa?

Wannan shi ne cinikin da nake hana kowa shiga. Ƙa'idojin Sony mai PlayStation da Microsoft mai Xbox da Steam duk sun hana sayar da asusu, saboda haka ba za ka iya kai musu kuka ba, kuma mai asusun na asali, da yake imel ɗin farko da shaidar biya suna hannunsa, yana iya ƙwato shi duk ranar da ya ga dama. Wasu ma asusu ɗaya suke sayar wa mutane da yawa. Wanda ya karɓi kuɗinka kaɗai za ka bi, da hirar da ya yi maka alƙawarin tsawon lokacin da asusun zai yi aiki.

In kai shi wurin 'yan sanda, ko in watsa hotonsa a intanet?

Idan faifai ne aka turo ya ƙi aiki, wannan saɓanin ciniki ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Idan kuwa da gangan aka karɓi kuɗi babu niyyar aiko da komai, wannan zamba ce, kuma hurumin hukuma ce. Watsa hoton mutum da lambarsa ana kiransa ɓarawo yana iya juye maka, ka tashi daga mai neman haƙƙi ka koma wanda ake ƙara da ɓata suna. Idan shafin yana da wurin rubuta sharhi a kan mai sayarwa, ka rubuta abin da ya faru kawai: ranar saye, abin da aka ce, abin da ya iso, da amsar da aka ba ka.

Ni ne na sayar, mai saye ya ce faifan ba ya aiki, alhali na san lafiyarsa ƙalau. Yaya zan yi?

Masu sayarwa ma ana cutarsu, kuma ina jin zafin wannan kamar na ɗaya ɓangaren. Akwai wanda zai buga wasan ya gama a mako ɗaya sannan ya ce bai taɓa tashi ba, akwai kuma wanda zai mayar maka da tsohon faifansa da ya mutu a madadin naka. Kariyarka tana farawa kafin aikawa: bidiyon faifan yana aiki, hoton bayansa a haske, da hoton ƙananan lambobin da ke zagaye da ramin tsakiya. A tallan ka faɗi yankin faifan, ka faɗi ko an yi amfani da lambobin da ke ciki, ka faɗi duk karcen da ka gani.

Idan ƙorafi ya zo, ka nemi bidiyon gwaji cikin mutunci, ka tambayi irin na'urarsa da saƙon da ke fitowa, domin wani lokacin abin da yake buƙata shi ne ya share wuri a ma'ajiya. Idan a eBay ne, kada ka yi shiru har ranakun aiki 3 su wuce, saboda ana iya mayar masa da kuɗin daga aljihunka ba tare da faifan ya dawo ba. Ka karɓi kayanka, ka buɗe shi a gaban kyamara, ka gwada. Idan ya ƙi aiki kuma naka ne, wataƙila a hanya ya samu matsala, musamman idan a cikin takarda kawai aka naɗe shi aka jefa bayan mota ƙarƙashin buhuna. Ka mayar da kuɗin mutum a ranar. Idan ba naka ne aka dawo da shi ba, ka tura hotunan farko da na yanzu ga wanda ke shiga tsakani.